Shaddar Injiniya Jazuli

Wani mutum ne a layinmu, nan Tudun Wada, sunansa Jazuli. Amma in kuka ce Jazuli zalla ba zai juyo ba. Sai kun ce Injiniya.

Wata takwas ya yi yana koyon rubuta manhaja a wata cibiya da ke saman shagon masu faci. Wata takwas ɗin nan har da hutun Sallah a ciki. Tun daga nan ya daina gaisuwa da baki, sai ɗaga gira. Dogo ne siriri, kamar an kama kansa da ƙafarsa an ja. Kullum da jakar kwamfuta a baya, ko ƙosai zai je saya. Ya taɓa ce wa mai shayi wai shi in ya rufe ido lambobi yake gani suna wucewa. Mai shayi ya ce to ya buɗe, tukunya ce a gabansa.

Maganarsa ɗaya ce, kowa a layin ya haddace ta: "Ni aikina bai taɓa yin ja ba."

Bari in yi muku bayanin jan nan da sauri, in ba haka ba za ku yi ta tsayar da ni. Yayata Nusaiba irin aikin take yi, ita ta faɗa min. Manhaja guntu-guntu ce. Wannan guntun yana tarawa, wancan yana rabawa, kowa da aikinsa. Kowane guntu sai a rubuta masa ɗan gwaji, a yi masa tambayar da an riga an san amsarta. In ya faɗi daidai, kwamfuta ta nuna kore. In ya kauce, ta nuna ja. Shi ke nan fa. Ja ba zagi ba ne, kwamfuta ce take cewa zo ka duba nan. Amma Jazuli ya ɗauke shi zagi, har da na iyaye.

Ana nan sai ƙungiyar telolin bakin kasuwa ta ce tana son manhaja a waya. A sa mata awon mutum, ta faɗi yadi nawa zai ci, ta kuma faɗi yadda za a yanka. Tsawon riga kaza, hannu kaza, ƙafar wando kaza. Wai sababbin teloli sun ishe su da ɓarnar yadin jama'a. Shugabansu Baba Tanimu ne. Shekara arba'in da almakashi a hannu, gilashinsa zare ne ya riƙe ƙafa ɗaya, maganar da yake yi a wuni kuma ba ta cika cokali ba. Ya kira mutum biyu, Jazuli da Yaya Nusaiba. Ya ce kowa ya yi tasa, sati huɗu. Wadda ta yi kyau ita shago sittin za su ɗauka, da sunan mai ita a jiki.

Jazuli yana fita daga shagon ya wuce wurin mai buga kati. "Injiniya Jazuli, Mai Manhajar Teloli." Guda ɗari biyu. Ko layi ɗaya bai rubuta ba lokacin.

Yaya Nusaiba kuwa littafi ta ɗauka ta koma shagon Baba Tanimu. Kwana uku tana zaune a kan benci tana damun tsoho. Baba, in mutum tsawon rigarsa arba'in ne, nawa kake yankawa? In mai tumbi ne fa? In ɗan shekara uku ne fa? In wani ya manta bai sa awon hannu ba? In ya yi kuskure ya sa sifili? Baba Tanimu ya ce tunda yake bai taɓa ɗinka wa mai hannu sifili riga ba. Ta ce ai shi ya sa take son manhajar ta ƙi. Duk amsar da ya ba ta, ta rubuta. Kowace amsa ɗaya, gwaji ɗaya.

To gidanmu akwai sola, gidansu Jazuli babu. Duk ranar da aka ɗauke wuta sai ga shi a zaurenmu da jaka, wai ya zo ya ga ko Yaya, da yake kira ƙanwarsa, tana buƙatar taimako. Soket yake nema. Ran nan ya leƙa kwamfutar Yaya ya ga ja, layi uku. Ya ja da baya.

"Subhanallahi. Malama Nusaiba, wa aka yanka?"

"Gwaji ne, Injiniya. Yanzu na rubuta shi. Abin da zai gwada ban rubuta ba tukuna."

"Wato kin shirya jarrabawa babu ɗalibi."

"Eh. So nake in ga ta iya kayar da mutum tukun."

"Guda nawa gare ki?"

"Sha tara."

Ya yi dariya ta hanci, hih. Ya ce shi nasa sun wuce ɗari biyu, kuma bai ma zauna sosai ba.

Yaya ta ce, "Amsoshin wa ya ba ka?"

"Wace amsa?"

"Wadda gwajin zai duba ya ga ko an faɗi daidai. Ni Baba Tanimu na tambaya."

"Ni zan je in tsuguna a gaban tela ya koya min lissafi? Manhajar ce na tambaya. Abin da ta faɗa na kwafa na sa a gwajin."

"Ɗalibi ya rubuta amsa, ka kwafi tasa, ka duba masa takarda da ita."

"Shi ya sa nawa ba ya faɗuwa," in ji Jazuli. Ya gyara zama, ya ce in kawo masa ruwa mai sanyi.

Ku tsaya, ba ku ji komai ba.

Bayan sati ya dawo fuska a sake. Ashe a tsakani abin ya ba shi wahala. Duk sanda ya taɓa manhajar sai amsa ta canza, sai gwaje-gwajen su yi ja gaba ɗaya, sai ya zauna yana sake kwafa. Har ya rame, shi da dama babu abin ramewa. Sai ya zauna ya yi tunani irin nasu na manya.

Ya ce, "Na yi maganin jan, har jikokinsa."

Yaya ta ce, "Ta yaya?"

"Yanzu tambaya ɗaya kowane gwaji yake yi. Amsa ta fito? In ta fito, kore."

"Ko wace iri ce?"

"Amsa amsa ce, Malama."

Ya juyo da kwamfutar don mu gani. Na Yaya kowane gwaji da sunansa, kana karantawa ka san abin da ya lalace: hannun riga na ɗan shekara uku, a ƙi awon da babu ƙugu, irin haka. Na Jazuli ni na karanta su da ƙarfi, tun daga sama. Gwaji ɗaya. Gwaji biyu. Gwaji sabo. Gwaji sabo na biyu. Gwaji na ƙarshe. Gwaji na ƙarshe na gaske. Gwaji na ƙarshe wallahi. A ƙarƙashin wannan akwai wasu ɗari biyu da tamanin.

Yaya ta dube shi ta ce, "Injiniya, don Allah ka je wurin Baba ka karɓi amsa ko guda ɗaya ce. Awo ɗaya. Ka gwada da ita."

Ya ce hassada ba ta yi wa mace kyau.

Sai maganar shadda. Dole in faɗi wannan. Jazuli yana da wata shadda yadi biyar, ruwan madara, mai ƙyalli, in ka taɓa ta sai ta yi ƙara kamar sabuwar takarda. Ankon bikin amininsa ce, shi ne babban abokin ango, kuma kalar ta ƙare a kasuwa. Wata biyu yana yawo da ita a jaka tare da kwamfuta. Ya ƙi kai wa kowane tela, wai duk hannunsu na rawa. Sai dai ya zaro gefenta ya nuna wa mutane ya mayar. Ni kaina sau huɗu na gan ta.

Ranar nuna aiki ta zo, Laraba, bikin kuma Asabar. Ƙarfe goma na safe teloli sun cika shagon Baba Tanimu, wasu a benci, wasu a kan buhun ƙyalle, kowa da tef a wuya. Na bi Yaya, don ba za a yi wannan a ba ni labari ba.

Jazuli ya fara. Ya yi bayani na minti arba'in, ba zan maimaita muku ba, ni ma ban saurara ba. Sannan ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a kan madanni, ƙwas. Kore ya fara zubowa, shuuu, layi bayan layi, kamar fadamar shinkafa.

"Ɗari huɗu da sha biyu," in ji shi. "Wanda ya ga ja ko ɗigo, ya ɗaga hannu."

Teloli suka kalli juna suna gyaɗa kai. Abin ya yi kyau a ido, gaskiya.

Yaya Nusaiba ta danna nata. Guda ashirin da uku. Ashirin da biyu kore, ɗaya ja.

Ta ce, "Wannan jan babbar riga ce ta mutum mai jiki. Manhajata tana ba da amsar da ta gaza ta Baba da rabin yadi. Ban gano dalili ba tukuna. Kada kowa ya yanka babbar riga da ita sai na gyara."

Jazuli ya rufe baki da hannu, kafaɗarsa tana rawa. Ya ce a yi mata uzuri, yarinya ce, ta yi ƙoƙari.

Yaya ba ta kula ba. Ta ce Baba ya ba ta izinin abu ɗaya. Ta kwafi manhajar Jazuli a gefe, don kada ya ce ta ɓata masa. A gaban kowa ta nemi inda ya sa a tara, ta mayar a ɗebe. Ta danna.

Kore. Ɗari huɗu da sha biyu.

Ta goge layin da ke lissafin hannun riga, ta rubuta bakwai kawai. Kowa ya zo, yaro da babba, hannunsa inci bakwai. Ta danna.

Kore.

Ta ce, "Kun gani. Na lalata ta sau biyu, babu gwaji ɗaya da ya ɗaga kai."

Ni na ɗauka an gama. Ashe ban san Jazuli ba. Ya miƙe ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, kun gani da idonku. An lalata ta, ta ƙi faɗuwa. An sake lalata ta, ta ƙi faɗuwa. Tata kuwa ba wanda ya taɓa, ga ta nan da ja. Ku da kanku ku faɗi wadda ta fi ƙarfi."

Wallahi sai da wasu teloli suka ce kuma fa haka ne.

Sai Baba Tanimu ya gyara zama. Ya cire gilashi, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Ni ban san kore ba. Yadi na sani. A auna mutum."

Jazuli ya ce a auna shi. Wani tela mai suna Sabi'u ya tashi da tef. Tsawon riga arba'in da huɗu, hannu ashirin da shida, wando arba'in da biyu. Aka sa a manhajar Yaya, ta ce yadi biyar. Aka sa a ta Jazuli, ta ce yadi biyu da rabi.



Nan ne Jazuli ya ga dama ta samu. Ya juya ya fuskanci teloli sittin, a cikin shagonsu, a kan bencinsu.

"To ga shi. Shekara da shekaru kuna cewa mutum ya kawo yadi biyar. Ashe biyu da rabi ne. Ina sauran yake zuwa? Ba na zargin kowa. Amma na lura 'ya'yan teloli ba sa rasa kayan Sallah."

Sabi'u ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya sa a aljihu. Ba wanda ya sake gyaɗa kai.

Baba Tanimu ya ce, "Yadin wa za a yanka?"

Jazuli ya zuge jaka, ziiip, ya zaro shaddar ya shimfiɗa a kan tebur. Ta yi ƙyalli har rufin kwano.

"Tawa. A yanka yadda manhajata ta faɗa, kada a ƙara ko zare. In an ɗinka, da ita zan fita daga shagon nan."

Baba Tanimu ya duba fuskar wayar. Ya karanta a hankali: "Tsawon riga, ashirin da biyu." Ya ɗago ya kalli Jazuli tun daga hula har takalmi. Kallon ya ɗauki lokaci, don hanyar da nisa.

"In yanka?"

"Yanka, Baba."

Yaya Nusaiba ta matso ta rage murya. "Injiniya, karɓi tef ka ga inda ashirin da biyu ta tsaya a jikinka. Minti ɗaya."

"Ni da tef? Abin da na zo raba su da shi ke nan."

Baba ya ja alli. Ya sake cewa, "In yanka?"

"Baba, gwaji ɗari huɗu da sha biyu."

"Bikin Asabar ne, ko?"

"Asabar."

"In yanka?"

"Haba Baba."

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyaaas.

Jazuli ko kallon tebur bai yi ba. Ya juya baya yana raba katinsa, yana gaya wa teloli cewa nan da shekara biyu almakashi ma waya za ta riƙe. Mutum uku suka hau keke. Ban taɓa ganin teloli sun yi sauri irin na ranar ba. Mutanen da za ka kai musu ɗinki da azumi su ba ka da babbar Sallah. Tatatata, tatatata, ko hira babu. Sabi'u har aiki ya yi masa a wuya, mai kyau, da zare ruwan gwal, ba wanda ya roƙe shi. Kafin azahar an goge an ninke.

Jazuli ya karɓa ya ɗan auna nauyin a hannu. Ya ce, "Kun ji ko nauyi babu." Ya shige bayan labule. Ya cire tasa rigar da wando ya rataya a saman labulen. Sabi'u ya miƙa hannu ya janye su, ya ce bari a ɗan goge wa Injiniya, sun yamutse.

Muka zauna.

A nan ne Yaya ta buɗe manhajar tasa ta duba. Ko minti biyu ba ta yi ba ta gano. Wani ne ya taɓa gaya masa cewa tela yana ninka yadi biyu kafin ya yanka. Shi ke nan sai ya raba komai biyu. Faɗi, daidai ne a raba. Shi har tsawo ya raba. Riga, hannu, ƙafa, duka. Da ya karɓi amsa ɗaya tak a wurin Baba, tun ranar farko za ta yi ja ya gani.

Bayan labule shiru. Sai ɗan motsi. Sai shiru.

Sabi'u ya ce, "Injiniya, lafiya dai?"

Murya ta fito ƙasa-ƙasa. "Ina jin an manta wani ɓangaren a kan tebur."

"Babu abin da aka manta."

"To miƙo min kayana."

"Suna layin guga. Akwai mutum tara a gabanka."

Baba Tanimu ya ce, "Fito."

Labule ya buɗe kaɗan. Ƙafa ta fara fitowa. Ta yi ta fitowa, ta yi ta fitowa, ba mu ga wando ba sai a gwiwa. Sannan sauran mutumin ya biyo. Riga ta tsaya cak a saman cibiya. Hannu ya tsaya a gwiwar hannu. Faɗi kuwa ba laifi, ya zauna masa ɗas, aikin wuya yana ta walƙiya. Daga wuya zuwa ƙirji babban abokin ango. Daga nan zuwa ƙasa mai tsaron gida a wasan ƙwallo. Ga safa baƙa, ɗaya da huji. Ya kama bakin rigar yana ja ƙasa, in ya ja gaba baya ya ɗage, in ya ja baya gaba ya ɗage.

Ba wanda ya yi dariya. Teloli sittin, kowa ya haɗe fuska yana duba ɗinki kamar an kawo masa aikin gwaji. Wani daga baya ya ce kalmasar ta yi kyau. Ni ce kawai na cusa mayafi a baki.

Baba Tanimu ya tashi da tef. Ya ɗora a kafaɗar Jazuli ya sauke.

"Ashirin da biyu." Ya auna hannu. "Sha uku." Ya durƙusa ya auna wando. "Ashirin da ɗaya. Ba mu ƙara ko zare ba."

Ya juya wurin Yaya Nusaiba. "Ke. Gyara jan nan na babbar riga, ki kawo. Taki za mu ɗauka."

Ya ɗauko ragowar shaddar ya ninke, ya ɗora wa Jazuli a hannu. "Ga yadi biyu da rabi. Ka ƙirga a gaban jama'a, kada a ce 'ya'yanmu. Wayarka ta ce ya isa wani saitin."

Jazuli ya kalli ragowar. Ya kalli gwiwoyinsa.

"Baba, amma ai wannan ba kaya ba ne. Asabar fa. Ni ne zan tsaya kusa da ango."

Baba Tanimu ya koma kujerarsa ya zauna. Ya gyara zaren gilashi a bayan kunne.

"Injiniya. Riga ta fito?"

Jazuli ya ja bakin rigar ƙasa.

"Tambaya nake. Ta fito?"

"Ta fito."

"Wando ya fito?"

"Ya fito, Baba."

Baba Tanimu ya ɗauki almakashinsa ya jawo wani ɗinkin.

"To, kore."